Jijiya ta danne a idon sawu: shin in yarda a yi mini aiki?

Wani bawan Allah ɗan shekara 46, mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Maraɗi, ya aiko da tambaya. Ya ce shekara 2 da suka wuce ya faɗi a kan babur ya karye a idon sawun dama, aka yi masa ɗorin gida, ƙashi ya kama har ya koma kasuwa. Amma wajen wata 8 ke nan tafin wannan ƙafar yana yi masa zafi kamar ya taka garwashi, musamman bayan doguwar tsayuwa da kuma cikin dare, yatsun ma sun soma sagewa. Likitan da ya gani ya ce masa jijiya ce ta danne, sai an yi aiki. Yana son ya sani ko ya yarda, kuma ko aikin yana iya gurgunta shi.

Malam, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Ban ga ƙafarka ba, don haka ba zan yanke hukunci a madadin likitan da ya taɓa ta da hannunsa ba, amma abin da ka kwatanta ya yi daidai da matsewar babbar jijiyar ji da ke bi ta bayan idon sawu, kuma zan faɗa maka abin da nake dubawa kafin in ce wa majinyaci ya hau gadon fiɗa saboda wannan ciwo. Maganar duk ta rataya a kan abu guda. Aikin sakin jijiya yana amfani sosai idan an gano takamaiman abin da ke danne ta da kuma takamaiman wurin da yake danne ta, kuma yana yawan ba da kunya idan an shiga ne da zato kawai. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ka yi wa likitanka ita ce, mene ne yake danne jijiyar, kuma da me aka tabbatar da shi.

Ka sa yatsa a bayan ƙashin nan mai tudu na idon sawu ta ɓangaren ciki, wato gefen da ke kallon ɗaya ƙafar. Tsakanin wannan tudu da diddige akwai wata ƴar matsattsiyar hanya, ƙasanta ƙashi ne, rufinta kuma wani tantani ne mai tauri wanda ba ya miƙewa. Cikin wannan hanya agarori 3 suke wucewa masu jan tafin ƙafa da yatsu, tare da jijiyoyin jini masu kai jini da masu dawo da shi, sai kuma jijiyar ji da likitoci ke kira tibiyal, wadda ta taso tun daga laka ta biyo bayan cinya da sharaɓa. A nan take rabuwa, reshe ɗaya ya nufi ɓangaren babban yatsa, ɗaya ya nufi ɓangaren ƙaramin yatsa, wani ƙarami kuma ya sauka diddige. Da yake wurin ba shi da sarari, duk abin da ya ƙaru a ciki jijiyar ji ce take fara shan wahalarsa, domin ita ce mafi laushi. Likitoci biyu, Keck a Amurka da Lam a Ingila, su ne suka bayyana wannan ciwo da sunan da aka san shi da shi yau, wato tarsal tunnel syndrome a Turance, kowa a nasa ɓangaren, a shekarar 1962.

Abubuwan da ke cike wurin suna da yawa. Akwai ƙullutu mai ruwa da ke fitowa daga gaɓa ko kuben agara, akwai ƙullutun kitse, akwai jijiyoyin jini da suka kumbura suka nannaɗe, akwai kumburin kuben agara, akwai kuma shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa wanda diddige ke karkata waje har jijiyar ta riƙa jawuwa a kowane taku. A wurinka abin da zan fara zargi shi ne karayar nan. Ƙashin da ya kama a karkace, ko ɓallin ƙashi da ya tsaya a bakin hanyar, ko tabon ciki da jinin da ya kwanta ya bari, kowanne yana iya matse jijiyar, kuma ba abin mamaki ba ne ciwon ya ɓullo bayan shekara guda ko fiye, domin tabo a hankali yake ƙara tauri. Ba ina zargin maɗori ba ne, karaya ko a asibiti aka gyara ta tana iya barin haka, sai dai ɗorin da aka yi ba tare da hoto ba ya fi barin ƙashi a karkace ba a sani ba.

Kasancewar ƙafa ɗaya ce take ciwo, kuma ita ce wadda ta karye, hujja ce mai ƙarfi da ke goyon bayan maganar likitanka. Duk da haka akwai cututtuka da suke kawo irin wannan zafin waɗanda wuƙa ba ta magance su, kuma wajibi ne a kawar da zarginsu tukuna. Na farkonsu ciwon suga, wanda yake lalata jijiyoyin ƙafafu biyu tare, ya soma daga kan yatsu ya yi sama, kuma mutane da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba sai an auna. Ƙarancin bitamin B12, da wasu magunguna irin isoniyazid na tarin fuka, su ma suna yin haka. Sai ciwon baya, inda faifan da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya yake danne jijiyar tun daga tushenta, mutum ya riƙa jin zafin a tafin ƙafa alhali matsalar tana ƙugu. Wanda aka yi wa aiki a idon sawu alhali ciwonsa daga baya yake, ya sha yanka a banza.

Akwai kuma wadda mu a wannan yanki ba mu da damar mantawa da ita, wato kuturta. Ƙwayar cutar tana son wannan jijiya ta bayan idon sawu ƙwarai, tana kumbura ta har a ji ta da kauri a ƙarƙashin yatsa, kuma sau da yawa sagewar tafin ƙafa tana riga sauran alamomi bayyana. Shi ya sa likita mai lura zai ce ka cire riga ya duba ko akwai wani tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, ya kuma lalubi jijiyar gwiwar hannu da ta gefen gwiwa. Kada wannan ya ɓata maka rai idan an yi maka. Idan ita ce, maganinta ƙwayoyi ne da ake bayarwa kyauta, tare da maganin kumburi irin firedinisolon, kuma cibiyar Danja da ke kudu da Maraɗi ta daɗe tana wannan aiki. Ba a zuwa ga fiɗa a kuturta sai idan kumburin ya ƙi jin magani ko jijiyar ta tara mugunya.

Gwajin da ya fi ba ni haske ba ya bukatar na'ura. Nakan sa majinyaci ya tsaya ba takalmi, in zagaya bayansa in kalli diddigen biyu, in ga ko na ƙafar mai ciwo ya karkata. Sannan ya zauna, in riƙa ƙwanƙwasa bayan idon sawu da kan yatsana ina gangarowa sannu sannu. Idan jijiyar tana cikin matsi, akwai wuri guda da in na taɓa shi zai zabura ya janye ƙafar, ya ce wani abu mai jan lantarki ya tsarga masa har yatsu. Wannan alama tana ɗauke da sunan likitan Faransa Jules Tinel, wanda ya bayyana ta a 1915 yana kula da sojojin da suka ji rauni a yaƙin duniya na farko. Bayan haka nakan tanƙwaso ƙafar sama in karkata ta waje, in ɗaga yatsun, in riƙe na ɗan lokaci. Idan zafin da ya saba ji ya taso, hujja ta ƙaru. Daga nan sai a gwada jin taɓi a tafin ƙafa da siririn zaren roba na awo, a kuma duba ko naman gefen tafin ƙafa ta wajen babban yatsa ya rame idan an gwada da ɗaya ƙafar. Ramewar nan alama ce ta cewa matsin ya daɗe kuma bai kamata a ƙara jinkiri ba.

Game da hotuna, a halinka ba zan yarda a yi aiki ba sai an ɗauki hoton ƙashi kana tsaye a kan ƙafar, domin hoton da aka ɗauka a kwance yana ɓoye karkacewa. Idan ya nuna alamar ɓalli ko tudun ƙashi, sikana, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanki yanki, tana fayyace shi. Ekografi, wato hoton nan irin wanda ake duba cikin masu juna biyu da shi, a hannun wanda ya ƙware tana nuna ƙullutu da kumburarrun jijiyoyin jini da kaurin jijiyar kanta, kuma ta fi IRM, wato hoton babbar na'ura mai aiki da maganaɗisu, sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Akwai kuma gwajin gudun saƙo a jijiya da ake yi da ƴar wutar lantarki, wanda ake kira EMG. Yana taimakawa wajen rarrabe matsin idon sawu da ciwon suga ko ciwon baya, amma ka sani yana iya fitowa lafiya lau alhali matsin yana nan, don haka ba shi kaɗai ake dogara da shi ba. Idan samunsa zai sa ka yi tafiya zuwa Yamai ko Kano, ka tambayi likitanka ko sakamakon zai canza shawararsa kafin ka kashe kuɗin mota.

Idan bincike bai nuna wani abu da ya cike hanyar ba, kuma nama bai soma ramewa ba, ƙa'ida ita ce a gwada magani na wata 3 zuwa 6 tukuna. Ana rage tsayuwa, wanda na san ba ƙaramin abu ba ne ga mai shago, amma kujera mai tsawo a bayan teburin shago tana rage wahala da yawa. Ana sa takalmi mai tauri a ƙasa da shimfiɗar ciki mai tallafe tsakiyar tafin ƙafa a maimakon silifa. Ana ba da magungunan zogin jijiya irin amitiriftilin ko gabafentin, wani lokaci kuma a yi allurar kotizon mai rage kumburi a kusa da jijiyar. Ina roƙonka ka nisanci taramol na bakin hanya, domin na ga mutanen kirki da ciwon ƙafa ya jefa cikin shansa har barinsa ya fi ƙarfinsu. Haka nan tsaga da ƙaho da lalas a kan idon sawu ba sa kaiwa inda matsin yake, illa su bar tabo a daidai fatar da likita zai bukaci yankawa, kuma a ƙafar da ba ta ji sosai ƙunar lalas tana iya zama gyambo.

Aikin kansa ba ya cikin manyan ayyuka. Yawanci allurar baya ake yi, ƙafafu su mutu na ƴan awoyi kana farke, sannan a ɗaure cinya da abin tsayar da jini domin wurin ya kasance a bushe a ga komai sarai. Ana yanka fata a bayan tudun idon sawu a lanƙwaso zuwa gefen tafin ƙafa, tsawon abin da ya kai santimita 10 ko kusa da haka. Likita yakan fara nemo jijiyar daga sama inda take lafiya, ya bi ta zuwa ƙasa, ya tsaga tantanin rufin nan gaba ɗayansa. Idan matsin ya yi tsanani, ana ganin jijiyar ta kumbura a sama da wurin, ta tsuke ta yi fari a ƙarƙashinsa, kuma bayan an kwance ɗaurin cinya wani lokaci sai ka ga ƙananan hanyoyin jinin da ke jikinta sun sake cika ta yi ja. Inda aikin yake lalacewa a hannun mai gaggawa shi ne tsayawa a nan. Rassan biyu da suka nufi tafin ƙafa kowanne yana shiga tasa ƴar hanyar a ƙarƙashin naman da ke jan babban yatsa, kuma dole a bi su a buɗe waɗannan ma, ana kiyaye ƙaramin reshen diddige kada a yanke shi. Sakin da bai cika ba yana daga cikin manyan dalilan da ke sa ciwo ya ƙi tafiya bayan aiki. In akwai ƙullutu a cire shi, in ɓallin ƙashi ne a sassaƙe shi, sannan a tsayar da jini da kyau a ɗinke fata kawai, tantanin kuma a bar shi a buɗe. Idan hoto ya nuna diddigenka ya kama a karkace sosai, sakin jijiya shi kaɗai ba zai wadatar ba, sai an yanke ƙashin an daidaita shi, kuma wannan aiki ne da ya fi girma, jinyarsa ta fi tsawo. Ka tabbata ka san wanne daga cikin biyun ake nufin yi maka.

Batun gurguntaka da ka tambaya, hankalinka ya kwanta. Naman da ke ɗaga ƙafa da wanda ke taka ta ƙasa duk a ƙwauri da sharaɓa suke, kuma jijiyoyin da ke motsa su sun rabu tun daga wajen gwiwa, nesa da inda za a yi aikin. Abin da jijiyar take ɗauke da shi daga idon sawu zuwa ƙasa shi ne jin tafin ƙafa da motsin ƙananan naman cikinsa, don haka wannan aiki ba ya hana mutum tafiya. Haɗarinsa na gaskiya wasu ne daban, kuma ya kamata a faɗa maka su kafin ka sa hannu. Fatar wurin siririya ce, tana iya jinkirin warkewa ko ta ruɓe, musamman ga mai ciwon suga da mai shan taba. Jini yana iya taruwa a ciki ya zama sabon tabo. Reshen diddige yana iya samun rauni, wani ɓangare na diddige ya sage ko ya riƙa zogi. Jini yana iya daskarewa a jijiyar sharaɓa saboda zama. Akwai kuma ƴan kaɗan da ƙafar takan kama wani zafi mai tsanani da kumburi na watanni, ko da an yi aikin daidai.

Wanda ya fi waɗannan duka yawa shi ne a yi aiki ciwon ya ragu kaɗan kawai ko ya ƙi raguwa. Alƙaluman da likitoci suka wallafa sun sha bamban, wasu sun ba da rahoton nasara mai yawa, amma wani bincike da Pfeiffer da Cracchiolo suka fitar a Amurka a 1994 ya samu kashi 44 cikin 100 ne kawai na ƙafafun da aka yi wa aikin suka samu sakamako mai kyau, kuma waɗanda suka fi dacewa su ne waɗanda aka tarar da wani abu a fili yana danne jijiyar. Abin da nake gani a aiki bai saɓa wa wannan ba. Mai ƙullutu ko ɓallin ƙashi yakan ce zafin dare ya tafi tun makonnin farko. Wanda jijiyarsa ta nutse cikin tabon tsohon rauni yana samun sauƙi, amma sau da yawa ba duka ba. Wanda kuma ba a ga komai ba, ba shi da alamar Tinel, shi ne na fi jin nauyin kai shi ɗakin fiɗa. Tsawon lokaci ma yana da tasiri, waɗanda aka yi wa kafin ciwon ya shekara sun fi waɗanda suka jima samun biyan bukata, kuma kai da kake wata na 8 da sagewa a yatsu ba ka da lokacin yawo daga wannan mai magani zuwa wancan.

Bayan aiki ana naɗe ƙafar, wani lokaci da rabin filasta, ka riƙa ɗora ta a kan matashi sama da ƙugu, ba ka taka ta sosai na wajen mako 2 zuwa 3 har a cire zare. Motsa idon sawu da yatsu da wuri yana da amfani, domin yana hana jijiyar mannewa da sabon tabo. Alwala za ka yi ba tare da jiƙa wurin ba, salla kuma a zaune har likita ya ba ka izini, domin zama a kan ƙafa yana jan ɗinkin. Komawa tsayuwar kasuwa ta yini guda yakan ɗauki wata 2 zuwa 3, saboda haka ka tanadi wanda zai riƙe maka shago, kuma in da hali kada ka sa aikin dab da cinikin salla. Zafi ne yake fara tafiya, sagewa kuwa ita ce ta ƙarshe, domin jijiyar da ta lalace tana tsirowa ne kimanin milimita 1 a rana, kuma daga idon sawu zuwa kan yatsu tafiyar watanni ce. Ba a yanke hukunci a kan sakamakon aikin sai an kai wata 6 zuwa shekara.

Tunda wasu masu karanta wannan amsa ciwonsu a wani wurin yake, zan taɓo sauran a taƙaice. Jijiyar da ke tsakanin yatsa na 3 da na 4 tana yin kauri, mai ita ya riƙa jin tsakuwa a cikin takalmi alhali babu komai. Ya fi kama mata masu sa matsattsen takalmi, ana kiransa da sunan likita Thomas Morton na Filadelfiya a Amurka wanda ya rubuta a kansa a 1876, kuma aikinsa ko dai a saki tantanin da ke sama da jijiyar ko a yanke ta, a zauna da sagewar dindindin a tsakanin yatsun biyu. Akwai wani ƙaramin reshe a ƙarƙashin diddige da kan matse a ɗauka ciwon tantanin tafin ƙafa ne. A bayan ƙafa ta sama kuma, igiyar takalmi mai tsanani ko tsiron ƙashi kan danne wata jijiyar, tsakanin babban yatsa da na biyu ya sage, kuma sau da yawa sassauta takalmi ya isa. Wadda ba ta son jinkiri ita ce ta gefen gwiwa ta waje, wadda dogon tsuguno a gona ko ɗori mai tsanani kan danne, ƙafa ta saki mutum ya kasa ɗaga ta yana jan yatsu a ƙasa. Wannan a kai shi asibiti da wuri, domin idan watanni 3 zuwa 4 suka wuce ba alamar farfaɗowa akan duba yiwuwar aiki. Masu ciwon suga da ake yi wa tayin sakin jijiyoyin ƙafafu biyu don maganin zafi kuma su yi hattara, ƙungiyar likitocin jijiya ta Amurka ta bayyana a 2006 cewa amfanin wannan bai tabbata ba.

A naka halin, Malam, idan an auna suga an same shi daidai, an duba baya da fata ba a ga komai ba, ƙwanƙwasa bayan idon sawu yana tsarga maka har yatsu, hoto kuma ya nuna abin da karayar ta bari a bakin hanyar jijiyar, to ni ina ganin ka yarda, kuma kada ka ja lokaci. Idan ba a yi waɗannan ba, ka koma wurin likitanka ka nemi a yi su, ko ka nemi ganin likitan ƙashi a babban asibitin Maraɗi domin jin ra'ayi na biyu, wanda haƙƙinka ne kuma likitan kirki ba ya jin haushinsa. Ka tafi da duk hotunan da aka taɓa ɗauka da kwalayen magungunan da kake sha, har da na gargajiya. Kafin ranar aikin, da yake yatsun sun soma sagewa, ka daina tafiya ba takalmi a kan rairayi mai zafi ko dandamalin siminti da rana, ka riƙa zazzage takalmi kafin ka sa, kuma kowane dare ka duba tafin ƙafar da tsakanin yatsu da fitila ko akwai ƙaya ko ƙuna da ba ka ji ba.